Ragayar Jar Akuya

Kakata ta wajen uba ta zo Badun, a ƙasar Yarbawa, da adudu ɗaya da akuya ɗaya, kuma tun a tashar jirgi ta shaida wa kowa cewa dubawa ta zo yi, ba zama ba.

A lokacin ba a daɗe da yanka wa Hausawa filin Sabo ba. Gidajen duk ginin ƙasa ne, yawanci rufin ciyawa, kuma in ka wuce ƙarshen layinmu kaɗan sai gonakin rogo da duhuwar itatuwa. Mahaifina fataucin goro yake yi. Gidanmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba: masu ɗaurin huhu, 'yan dako, fataken da ke jiran ranar jirgi, kowa da murya kamar mai kiran wani a hayin kogi. Ni kuwa na tashi ba ni da baki. Na yi sauka, na shiga karatun littattafai a zauren wani malami da ke bayan masallaci, in na dawo gida kuma sai in shige ɗakina in baje takardu. Baƙo yakan yi wata guda a gidanmu bai san muryata ba. Akwai wanda ya taɓa tambayar mahaifina ko kurma ne ni, alhali ina tsaye a gabansa da butar alwalarsa.

Da kakana ya rasu a ƙauyensu can ƙasar Kano, mahaifina ya tafi ɗauko tsohuwar. Ta yarda ta biyo shi bisa sharaɗin da akuyarta za ta zo. Ja ce, doguwa, mai sheƙin gashi, tana ɗauke da ƙaramin ciki. Wani abokin mahaifina mai fataucin shanu ya saka ta a taragon dabbobinsa tare da dammunan harawa, har suka iso cikin rani.

Ranar da Kaka ta shigo, kafin ta sha ruwa, ta tsaya a tsakar gida ta dubi sama ta dubi ƙasa.

"Ni da akuyar nan ruwan rijiya ɗaya muka sha," in ji ta. "In garin nan ya karɓe ta, ya karɓe ni. In ta ƙi ci ta rame, ku nemo mini ranar jirgi. Ƙanena yana can da ɗaki a share."

"Haba Inna," in ji mahaifina, "ai akuya ko'ina takan ci."

"Kai ne ko'ina kakan ci. An ce har amala kake sa wa hannu."

Daga nan idonta ya faɗa kaina, ina rakuɓe a bakin ɗakina. "Wannan ne maigidan nawa? Kai, bakinka a ina ka ajiye, ko haka ake rainonku a Kurmi?"

Har yau ban san daga inda amsar ta fito ba. Na ce, "Ajiye shi na yi sai amarya ta iso."

Ta kwashe da dariya har da dafa bango. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa don ta ga wanda ya yi maganar, domin ba ta yarda ni ne ba. Tun daga ranar ƙofar ɗakin Kaka ta zama wurin karatuna. Ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya ba, amma takan zauna tana kaɗi tana saurare, in na tsaya ta ce, "Ci gaba mana, ko malamin ya mutu ne a nan?" A duk gidan ita kaɗai nake iya mayar wa magana. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne adudun nan. Yana bakin ƙofa, ɗaure tam da igiyar rama da kakana ya tufka da hannunsa. In za ta ɗauki zane sai ta kwance, ta ɗauka, ta sake ɗaurewa, ta ja ƙullin da haƙori. Duk safiya shi nake fara duba, sannan akuyar.

Akuyar kuwa ta fara ba mu wahala tun makon farko. Mun samo mata komi na itace, muka ajiye a ƙasa kamar yadda ake yi a gida, muka zuba harawa. Ba mu yi lissafi da awakin Yarbawa ba. Gajeru ne, cikinsu kamar tulu, ba a ɗaure su, kuma sun san rariyar kowane gida a Sabo. Ta wannan ramin da ruwa ke fita a gindin katanga suke shigowa, ɗaya bayan ɗaya. Ba tsayawa suke yi a gefen komi su ci ba, hawa suke yi su tsaya a ciki, su ci, su tattake, wani ma ya yi fitsari kafin ya sauka. Jar akuya takan matsa gefe ta ɗaga kai. Duk abin da ƙafa ta taka ba ta sa masa baki, ko da za ta kwana da yunwa.

"Ka gani ko?" in ji Kaka. "'Yar gidan mutunci ce. Ba ta cin kingin bayi."

Na toshe rariya da dutse, mahaifiyata ta yi wanke-wanke ruwa ya cika tsakar gida, aka cire dutsen. Na ɗaure dami da igiya na rataye a reshen itace, akuyar ta fizga, ganyen duk ya kakkaɓe ƙasa, aka bar ta da kara. Ganyen kuwa shi ne abincin. Harawa tana raguwa, wata kuma ba za ta zo daga Arewa ba sai bayan girbi.

A hanyata ta zuwa aike na taɓa wucewa ta bayan wata barga inda ake ajiye dawakin Turawa, na ga ciyawarsu ba a ƙasa take ba. A cikin wani abu take mai kama da keji, kafe a jikin bango, doki yana zaro ta ta tsakanin sanduna. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in faɗa wa Kaka.

"Ragaya ke nan," in ji ta. "Ragayar ƙwarya na sani. Yanzu akuya ma sai an yi mata jere kamar amarya?" Ta murza mazari. "Wa ke yin ta?"

Akwai wani kafinta Bayarabe a wajen unguwar Mokola, shi ke yi wa mutanen Sabo ƙyaure da benci. Kafin mu tafi na zauna na auna akuyar. Na samo sanda na tsayar a gefenta, na sa alama da tawada daidai inda bakinta ke kaiwa in ta ɗaga kai ba tare da ta miƙe a kan ƙafafun baya ba. Sannan na kama ɗaya daga cikin gajerun awakin, mafi tsawo a cikinsu, na ɗaga shi tsaye yana ihu, na sa wata alamar. Tsakanin alamun biyu akwai tazara mai kyau. Na auna faɗin bakinta da na ƙahonta da tsinke. Baƙin mahaifina suna zaune a zaure suna kallona ta ƙofa. Ɗaya ya ce, "Ɗan malam zai ɗinka wa akuya riga." Na ji kunya ƙwarai, amma ban ajiye sandar ba.

Wannan ita ce fitar Kaka ta farko tun zuwanta. Ta yafa mayafi, ta bi ni a baya tana sharhi a kan duk abin da ta gani: doya ta cika girma, matan garin sun cika ɗaga murya, hanya ba ta san miƙewa ba sai hawa da gangara. Kafintan ya tarbe mu da fara'a, ya rusuna ya gaishe ta, ya ba ta kujera. Ni ne tafinta, domin na tashi da Yarbanci a bakina ko da yake ba na yawan amfani da shi. Na yi masa bayani, na ba shi sandata da tsinkayena. Ya juya su a hannu, ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Abu na farko da ya fito da shi akwati ne da ya haɗa da katakon akwatin kananzir, mai zurfi, buɗe ta sama, da kunnuwa biyu na ratayewa.

"Tambaye shi," in ji Kaka, "wannan na akuya ne ko makarar jariri ce?"

Na juya na ce masa da Yarbanci, "Iya ta ce aikin ya yi kyau, sai dai ya ɗan yi zurfi."

Ya ɗauko wani babban kwando na saƙa, ya ce a ɗaure shi a bango, ba tsada, ba nauyi.

"Ce masa akuyata za ta cinye harawar ta ɗora da kwandon, sannan ta zo nemansa."

"Iya ta ce tana tsoron kada ya yi saurin lalacewa," na ce.

Sai kafintan ya ajiye kwandon ya riƙe ciki yana dariya. Da Hausarsa mai karkacewa ya ce, "Yaro, bar wahala. Makara na ji, cinye na ji. Shekara nawa ina yi wa Hausawa ƙofa? Iya, faɗa mini da bakinki, yaron nan yana zuba wa maganarki zuma."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kaka kuwa abin ya yi mata daɗi. Ta gyara zama, suka shiga ciniki baki da baki, tana ce masa mai dogon kunne, yana ce mata sarauniyar awaki. Ni aka bar ni da zaɓe, wanda shi ne dama abin da na iya. Akwatin na ƙi shi don in akuya ta cusa kai ƙaho zai iya maƙalewa, kuma duk abin da ya shiga ƙasansa ba ya fita. Kwandon kuwa Kaka ta riga ta kashe shi. Abin da na so shi ne na sanduna, irin na bargar nan, amma ƙarami: a yi shi da gwangwala, faɗi a sama, tsuke a ƙasa, tsakanin sanda da sanda baki ya shiga amma kai ya kasa. Na roƙa a ƙara masa ɗan faranti na katako a ƙasa don ya tare ganyen da ke zuba. Kafintan ya ce wannan farantin bai taɓa yi wa kowa ba, amma zai yi. Bayan 'yan kwanaki ya kawo shi da kansa a ka, har tsakar gidanmu.

Saura bango. Ɗakin Kaka a ware yake a ƙuryar gida, ana iya zagaya shi. Ba ta ko tsaya tunani ba, ta zagaya ta yamma ta buga bangon da tafin hannu.

"Nan."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dalili. A can hadari daga gabas yake tasowa, ruwa bangon gabas yake duka. Shi ake yi wa yaɓe mai kauri, shi ake jingina wa zana, kuma duk abin da ba a so ya jiƙe, itacen girki ne ko turmi ko dabba, bayan ɗaki ta yamma ake kai shi. Kaka ta yi shekarunta duka tana yin haka, ba ta taɓa yin asara ba.

Ni kuma na san wani abu dabam, kuma takarduna ne suka koya mini. Littattafanmu warwara ne, ganye-ganye a cikin gafaka. Damina biyu da suka wuce na rataye gafakata a bangon yamma na ɗakina, da na buɗe sai na tarar takardun sun yi laushi sun kumbura, tawada ta bazu. Na mayar da ita bangon gabas, ba ta sake yin haka ba. Daga nan na riƙa lura da gidajen layinmu: gansakuka kore a bangon yamma da na kudu take fitowa.

Na ce, a hankali, "Kaka, a garin nan ruwa ta yamma yake zuwa."

"Ta ina?"

"Ta yamma. Da ɗan kudu."

Ta dubi mahaifina, wanda ya fito riƙe da guduma. "Ka ji mijina. Karatu ya juya masa alƙibla. Gobe zai ce rana ma ta yamma take fitowa a Badun."

Mahaifina ya fi ni daɗewa a garin, amma rabin ransa a ƙauyukan goro yake, in ana ruwa kuma yana cikin zaure da baƙi. Ko da ya lura ma, ba zai musa wa mahaifiyarsa a gaban kafinta ba. Ya ce, "Inda Inna ta ce, nan za a kafa." Kafintan ya ɗaga kafaɗa, shi aikinsa ya ƙare a gwangwala. Aka kafa turaku biyu a bangon yamma daidai alamar sandata, aka ɗaure ragayar.

Ranar kam an yi farin ciki. Jar akuya ta zo ta shinshina, ta zaro reshe ɗaya, ta tauna, ta zaro wani. Gajerun suka shigo ta rariya kamar kullum, suka taru a ƙarƙashi suna miƙewa a kan ƙafafun baya, bakinsu ba ya kaiwa. Ɗaya ya ja da baya ya yi tsalle ya bugi bango ya faɗo. Kaka ta zauna a kan turmi tana yi musu kirari na tsiya. Baƙon da ya ce zan ɗinka riga ya zo ya leƙa, ya tambaye ni ko zan ara masa sandar. A 'yan makonni akuyar ta murmure, cikinta ya fito sosai.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska da tsawa, kuma daga gabas ya taso, tamkar an aiko shi daga Kano don ya ba ni kunya. Da ya ɗauke Kaka ta ja ni da hannu zuwa bayan ɗaki, ta cusa hannuna cikin harawar. A bushe take ƙayau.

"Malam, a wane littafi aka ce yamma?"

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ta sa mini suna Malam Yamma, har 'yan dako suka ɗauka. Ni kaina na fara shakka, na ce ko bangon ɗakina ne kawai ke da ciwo.

Sai damina ta zauna sosai, ruwan ya sake hali. Babu tsawa, babu gargaɗi. Sama takan yi fari-fari tun safe, iska mai sanyi ta taso daga wajen teku, yayyafi ya kama ya wuni yana sauka a karkace. Bangon yamma ya yi baƙi da laima. Harawar da ke cikin ragaya ta yi laushi, ta fara wari, farar fumfuna ta fito a gindinta. Akuyar takan zo ta shinshina ta juya. Kaka ta kwashe ta zubar ta sa sabuwa, kafin azahar ita ma ta jiƙe. Haka dami ya bi dami zuwa juji, har ya rage saura wanda na ɓoye a ɗakina kusa da gafaka. Ƙashin bayan akuyar ya fara fitowa, ga ciki ya tsufa. Ta tsaya a rakuɓe, kunnuwa a sake, tana kallon ruwa.

Kaka ta daina tsokanata. Ba ta ce bangon ne ba, domin a wurinta bango ba ya canza hali. Cewa ta yi iskar garin ce mai ruɓar da komai, ƙasar ce ba ta karɓe su ba. Wata safiya na iske ta ta fito da adudun tsakiyar ɗaki tana ƙara jan igiyar.

"In ubanka ya shigo ka ce ya tambayo mini ranar jirgi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Gara ta haihu a gida."

Na koma ɗakina na zauna da takarda a hannu, ban ga ko baƙi ɗaya ba. Gardama ba zan iya da ita ba, na riga na gwada. In na kawo zancen gafaka za ta ce takarda daban, harawa daban. Ina nan zaune ruwan ya sake kamawa, ina jin sa yana tsattsafa bayan ɗakin, sai na tashi na ɗauki malafar mahaifina na je ƙofarta.

"Amarya, zo ki raka ni."

"Cikin ruwan nan? Ka haukace?"

"Nan da bayan ɗakinki ne. In za ki tafi ki bar ni, ai kya yi mini rakiya ɗaya."

Ta harare ni, amma ta tashi. Na kifa mata malafar, na bi da ita ta gabas. Tun da ta zo ba ta taɓa taka wurin ana ruwa ba, don a garinsu ba mai fakewa ta gabas. Muka tsaya a gindin bangon. Na cire malafar daga kanta. Ba ɗigo ɗaya da ya taɓa ta. Ƙasar da muke tsaye a kai busasshiya ce, har da 'yan kaji a kwance suna birgima. Taku kaɗan a gabanmu ruwa yana sauka a karkace, yana wuce mu.

Ta shafa bangon. Ta duba tafin hannunta. Ta zagaya ita kaɗai zuwa yamma, na ji tana salati, ta dawo mayafinta a jiƙe sharkaf. Ta daɗe tana kallon sama.

"Wane irin gari ne wannan," ta ce, "da ruwa ke shigo wa mutum ta bayan gida kamar ɓarawo?" Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Ina gudumar?"

Ban taɓa yin aikin ƙarfi kamar na ranar ba. Na haƙa ramukan turaku a bangon gabas da kaina, hannun da bai saba da komai ba sai alƙalami ya yi ƙulu-ƙulu da bororo. Mahaifina ya bar baƙinsa ya zo ya riƙe mini ragayar yana murmushi. Na wanke sandunan da toka, na goge, na kanga su kusa da murhu har suka bushe. Da yake na ga abin da ruwan farko ya yi, na san gabas ma tana da ranarta, sai na ɗora guntun kwanon rufi a sama ya zama 'yar rumfa. Igiyar kafinta ta riga ta ruɓe, muka ɗaure da igiyar huhun goro. Na shiga ɗakina na fito da damin ƙarshe.

Kaka ce ta jawo akuyar. Ta tsaya, ta shinshina sandunan ɗaya bayan ɗaya, ta yi atishawa, ta dube mu. Ba wanda ya motsa. Sai ta miƙa wuya ta zaro reshe. Muna jin ƙarar taunarta tare da ƙarar ruwa a ɗaya gefen ɗakin. Ta zaro wani, ta sunkuya ta lashe ganyen da ya zuba a farantin.

"Inna, in tambayo jirgin?" in ji mahaifina.

"Wa ya aike ka?"

Damin nan ɗaya ba zai kai mu girbi ba, don haka na riƙa yanko ganyen ɓaure da ciyawar bakin rafi, in shanya su a inuwa su sha iska, in cakuɗa da harawa kaɗan-kaɗan. Abin da ta ƙi ci a ƙasa, a ragaya ta ci. Har ɓawon doya ta koya, wanda Kaka ta ce kada a faɗa wa kowa a ƙauye.

Kwana biyu ko uku bayan mun mayar da ragayar, da safe, na fito na tarar da Kaka a bangon gabas tana jan igiyar huhun da yatsa tana taɓe baki.

"Wannan igiya ce ko zaren miya? Da wannan za ku ɗaure abincin mai ciki?"

Na ce akwai wata a zaure, zan ɗauko.

"Duk irinta ce, ta Kurmi." Ta shiga ɗaki. Na ji motsi, na ji tana ƙorafi ita kaɗai. Ta fito da igiyar rama a naɗe a hannu, ta jefo mini. Na gane ta tun kafin ta sauka a hannuna, har da gurbin haƙoranta a wurin ƙulli.

"Aro ne," in ji ta. "Ranar da zan tafi ka kwance mini abata."

"To, amarya."

"Kuma ka ɗaure da kyau, ba irin ɗaurin malamai ba."

Na ɗaure, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurewa da kanta. Da na leƙa ɗakin, adudun yana buɗe a ƙurya, zannuwanta a rataye a kan gora, tasoshinta a jere a gindin bango.

Akuyar ta haifi tagwaye kafin damina ta fita, ja da ja. Da suka fara cin ganye sai na koma wurin kafintan ya yi mini wata ƙaramar ragayar, na kafa ta ƙasa-ƙasa, kuma a nan ne gajerun awakin Yarbawa suka rama, domin tsawonsu ɗaya da 'ya'yan. Wannan yaƙin ban taɓa cin sa ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa ganin ragayar farko, wasu suka sa aka yi musu, kuma duk wanda ya zo Kaka ce ke yi masa bayani, tana nuna bango da sandarta: "Ta gabas za ka kafa. Ruwan garin nan ba shi da tarbiyya, ta baya yake zuwa. Ni na gano." In ina kusa sai ta kashe mini ido.

A Sabo ta ƙare kwanakinta, shekaru masu yawa bayan haka, kuma ba ta daina cewa dubawa ta zo yi ba. Gwangwalar ta karye an sake, turakun ma an sake su. Igiyar ce dai ba ta taɓa cewa in kwance mata ba.